Wanda ka sani sama-sama ya fi kawo labarin aiki

Duk majalisar da matasa masu neman aiki suka zauna, maganar ɗaya ce: wanda ba shi da uwa a gindin murhu, takardunsa sai dai su tsufa a akwati. Babu mai musun cewa alfarma ta yi katutu a ɗaukar aiki. Sai dai wannan ƙorafi yana rufe wa matasa ido daga wani amfanin sanin mutane wanda bai haɗa hanya da alfarma ba, wato samun labari.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya bi diddigin wannan batu a farkon shekarun 1970. Ya tambayi ma'aikata 282 a garin Newton, kusa da Boston, yadda suka samu aikin da suke yi. Kusan kashi 56 cikin 100 suka ce ta bakin wani suka ji. Su wane ne waɗannan masu kawo labarin? Galibi tsohon abokin karatu ne ko tsohon abokin aiki, wanda sai jifa-jifa ake haɗuwa da shi. Dalilin a fili yake. Amininka da kuke shan shayi tare kullum, abin da ka sani shi ya sani, inda ka kai takarda shi ma ya kai. Wanda kuke gaisawa sama-sama kuwa yana yawo cikin wasu mutane dabam, kunnensa na jin abin da naka ba ya ji.

A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a dandalin LinkedIn kan mutum sama da miliyan 20 cikin shekara biyar, sakamakon kuma ya goyi bayan Granovetter, musamman a ayyukan da suka shafi kwamfuta. A sana'o'in da ba su dogara da ita sosai ba, na kusa sun fi yin rana.

Mu a Najeriya akwai ƙofar da aka buɗe tun 1973, lokacin da hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES domin ɗalibai su je ma'aikatu su ga aiki da idonsu. Ɗalibin injiniya a jami'a kan yi wata shida. Abin takaici, da yawa sa hannu a littafin rahoto kawai suke nema. Su kammala ba su taɓa tambayar injiniyan da ke kusa da su ta ina ya fara ba, balle su karɓi lambarsa. Haka ake yi wa shekarar bautar ƙasa.

Ganawa da ƙwararre tana da ladabinta. Ka nemi minti ashirin, ka faɗa tun farko cewa shawara ka zo nema. Da zarar ka zaro takardar neman aiki, hirar ta mutu, domin ka ɗora masa nauyin da wataƙila ba shi da ikon sauke shi. Tambaye shi yadda yininsa ke tafiya, abin da ya fi gajiyar da shi a aikin, da abin da makaranta ba ta koya masa ba. Kafin ka tashi, ka roƙe shi ya haɗa ka da mutum ɗaya. In ka bi shawararsa, ka aika masa saƙo ya san inda aka kwana. A nan ne yawancin matasa ke sakaci, sai buƙata ta taso a tuna da mutum.

Ɗan sakandare ya fi kowa buƙatar irin wannan ganawa. Yaro ya cike fom ɗin JAMB ya zaɓi likitanci don Baba ya ce, alhali bai taɓa zama da likita ya ji yadda aikin dare yake ba. Ƙungiyoyin injiniyoyi, likitoci, lauyoyi da akantoci duk suna da rassa a jihohinmu. Ya kamata kowane reshe ya ware rana ɗaya a zango ya shiga makarantun gwamnati, mata ƙwararru kuma su je makarantun 'yan mata, su zauna yara su yi musu tambayoyi.