Cukun Faransa: Kowane Iri Da Lokacinsa

Kowace uwargida a ƙasarmu ta san nono yana da lokaci. Da damina, sa'ad da ciyawa ta fito shanu suka ƙoshi, ƙwaryar Bafulatana cike take, man shanu kuma ya yi araha. In rani ya yi nisa sai nono ya ja baya, kuɗinsa ya hau. To, a Faransa ma haka abin yake, ko da yake ƙasa ce mai injuna da yawa. Mutanenta sun shahara wajen mai da madara cuku, suna da irinsa ɗaruruwa. Amma wanda ya shiga kantin cuku na gargajiya a birnin Faris cikin watan Afrilu, ya sake komawa a Disamba, zai tarar kayan kantin sun sake. Bari mu ga dalili.

Yadda Ake Yin Cuku

Ana zuba wa madara wani ruwa da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi, sai ta daskare. A tsiyaye ruwan, a matse abin da ya rage, a sa gishiri, a ajiye shi wuri mai sanyi har ya nuna. Wani yakan nuna cikin makonni kaɗan, wani sai ya shekara. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan sana'a, gama Buzaye da Fulani na wajen Agadas da Tawa suna yin cuku falle-falle su shanya a rana. Manufar ɗaya ce ko'ina, wato a adana madarar lokacin yalwa domin lokacin rashi.

Abin da fari yake ga makiyayinmu, shi ne sanyi ga makiyayin Faransa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris ciyawa ba ta girma, ƙanƙara takan rufe tsaunuka, dabbobi suna cikin ɗaki suna cin busasshiyar ciyawa. Watannin zafi su ne daminarsu.

Awaki Da Tumaki

Awaki ke buɗe shekara. Sukan haihu a ƙarshen sanyi, a yi ta tatsarsu daga wajen Maris har zuwa Oktoba. Cukun akuya ƙanana ne, ba sa daɗewa kafin su nuna, saboda haka su ne ke fara cika kanti. Akwai Sainte-Maure na yankin kogin Luwar, dogo kamar guntun rake, da kara a tsakiyarsa domin kada ya karye. Akwai kuma Banon na kudu, wanda ake naɗewa cikin ganyen itace a ɗaure shi da zaren kaba. Yanzu waɗansu manyan gonaki suna juya lokacin haihuwar awaki da hasken lantarki don su sami madara duk shekara, amma masu bin hanyar dā suna barin akuya ta huta.

Daga madarar tumaki ake yin Roquefort, mai zane-zanen shuɗi a cikinsa. Bisa al'ada ana tatsar tumakin daga lokacin sanyi har wajen Yuli. Dole ne cukun ya shiga kogwannin dutse na ƙauyen da ya ba shi suna, kuma ba a sayar da shi sai ya yi wata 3. A shekarar 1925 gwamnati ta kafa doka ta tsare sunansa, shi ne cuku na fari da ya sami wannan gata.

Hawan Dutse

In Yuni ya kama, makiyayan tsaunukan Alf sukan kora shanunsu sama, inda ciyawa da furanni suka fito bayan ƙanƙara ta narke. Cukun Beaufort da aka yi daga Yuni zuwa Oktoba yana da suna na musamman. Wanda ya fi duka daraja shi ne wanda aka yi can bisa dutse, sama da mita 1,500, da madarar garke ɗaya tak, safe da yamma.

A tsaunukan Jura, kusa da iyakar Suwizalan, ake yin Comté. Ƙwaya ɗaya takan kai kilo 40, tana cin madara wajen lita 400. Ba ƙaramin manomin da zai tara wannan a rana ɗaya, don haka tun ƙarni na 13 mutanen ƙauye suka koyi haɗa madararsu wuri guda, kowa ya karɓi rabonsa gwargwadon abin da ya kawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Comté ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata 4, wani ma har shekara biyu. Ana samunsa kullum, amma mai kanti da ya san aikinsa zai gaya wa mai saye watan da aka yi shi. Na lokacin ɗanyar ciyawa launinsa rawaya ne kamar man shanun damina, na lokacin sanyi kuwa fari-fari ne.

Cukun Hunturu

Da sanyi ya sauko shanun Jura suka koma ɗaki, madara takan ragu har ba ta isa babban Comté. Mutanen dā ba su bar ta ta lalace ba, sai suka ƙago ƙaramin cuku mai laushi da ake kira Mont d'Or. Ana yi masa ɗamara da ɓawon itace, a sa shi cikin ɗan akwatin katako, gama in ba haka ba sai ya malale. Doka ta ce a yi shi daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Maris, a sayar daga 10 ga Satumba zuwa 10 ga Mayu. Iyalai da yawa sukan gasa shi cikin akwatinsa su ci da dankalin Turawa, musamman wajen Kirsimeti. Wanda ya nema a Yuli, mai kanti zai ba shi haƙuri ya ce ya dawo Satumba.

Shekarar Da Ciyawa Ta Ƙone

Waɗannan dokoki suna tsare sunan cuku da guzurin makiyayi, domin kada wata masana'anta ta yi nata ta laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Amma suna da nauyi. A yankin Kantal, tsakiyar ƙasar, ana yin Salers cikin babban mazubi na katako, daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba kaɗai, kuma sai in shanu suna kiwon ɗanyar ciyawa a fili. A shekarar 2022 aka yi fari mai tsanani, makiyaya ta bushe ƙurmus. Cikin watan Agusta masu yin Salers suka dakatar da aikin, abin da ba a taɓa yi ba. Shanu suna nan, madara tana nan, amma ta busasshiyar ciyawa ce, doka kuwa ba ta yarda a kira cukunta Salers ba. Hasarar ta faɗa kan iyalan da ke ci daga wannan sana'a. Duk wanda ya tuna farin 1973 da na 1984 a ƙasashenmu ya san zuciyar makiyayi sa'ad da yake duban sama babu hadari.

Akwai abin koyi a nan domin gidajenmu. Mutanen nan sun san watan da kowane abinci yake yalwata, suna saye a lokacinsa, suna adana ragowar. Sun kuma haɗa kai, har ƙaramin manomi ya iya abin da ba zai iya shi kaɗai ba. Mu ma muna da damina da rani, muna da nono da tumatir da kuɓewa da suke cika kasuwa yau, gobe a neme su a rasa. Uwargidan da ta soya man shanu ta ajiye a kwalba tun Agusta, ita ce ba za ta sayi mai tsada a Afrilu ba.