Yawo A Kurmin Dogayen Itatuwa

Jama'a, a bakin teku a arewacin Kalifoniya, ƙasar Amurka, akwai kurmin itatuwa masu jan ɓawo. Wani tsawonsa ƙafa 380, wani ya shekara 2,000. Baƙi sukan yi yawo can da ƙafa, gama tafiya tana ƙarfafa zuciya.

In ka je, kula da abu uku. Kaska tana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Duba jikinka kowane maraice, ka cire ta da hantsaki. Akwai tsiro mai ganye uku-uku mai sa ƙaiƙayi, kada ka taɓa shi. Kada kuma ka ba teku baya, gama raƙumin ruwa yakan taso ba zato, ruwan kuwa sanyi ƙarara.

Rigakafi ya fi magani.