Rata Tsakanin Wurare Biyu: Ma'anar Bolt da Fagen Lantarki a Harshen Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan abin da ake aunawa da bolt da kuma dangantakarsa da fagen lantarki, kamar yadda ake koyar da su a matakin farko na kimiyyar fiziks. Ta nuna cewa furucin "ƙarfin wuta" da aka saba da shi yana ɓoye asalin ma'anar, domin bolt ma'aunin rata ne tsakanin wurare biyu. Daga nan ta kawo shawarar kalmomin da za su fito da wannan ma'ana a fili.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ɗauki kalmar "wuta" ya ba lantarki. Ana cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja wane, ko wutar yau ba ta da ƙarfi. A mu'amalar yau da kullum hakan ya wadatar. Amma a aji da wajen fassara littattafan kimiyya, "ƙarfin wuta" kan tsaya a madadin abubuwa uku mabambanta: wanda ake aunawa da bolt, da yawan cajin da ke gudana a waya wanda ake aunawa da amfiya, da yawan makamashin da ake ci a kowace daƙiƙa wanda ake aunawa da wat. Ɗalibin da ya cakuɗa su ba zai iya bayyana dalilin da ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar bolt 33,000 ya tashi lafiya ba, alhali bolt 230 na cikin gida yana iya kashe mutum.

2.0 Caji da Fagen Lantarki

Caji iri biyu ne, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuwa suna jan juna. A shekarar 1785 Bafaranshe Charles Coulomb ya auna wannan ƙarfi, ya nuna cewa idan nisan da ke tsakanin caji biyu ya ninka, ƙarfin kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da sunansa ake kiran ma'aunin caji, wato kulom.

Ta yaya caji ke ture wani ba tare da ya taɓa shi ba? Masanin Ingila Michael Faraday (1791–1867) ya siffanta sararin da ke kewaye da caji da cewa cike yake da layukan ƙarfi. Wannan sarari shi maƙalar ta kira "fagen lantarki". Kalmar "fage" ta fi "fili" dacewa, domin fili yana iya zama wayam, amma fage, kamar na dambe ko kokawa, wuri ne da duk wanda ya shiga zai gamu da ƙarfi. A kowane gurbi fagen yana da girma, yana kuma da inda ya fuskanta.

3.0 Ratar Lantarki

Mai jan guga daga rijiya yana kashe makamashi wajen ɗago ruwa, kuma makamashin yana nan ajiye a ruwan saboda matsayin da ya hau. Da zarar igiya ta kuɓuce, guga zai koma ƙasa da ƙarfi. Haka caji yake a fagen lantarki. Tura shi zuwa inda fagen ke hana shi zuwa yana buƙatar aiki, kuma aikin ne ke ɗaga matsayinsa.

Bambancin matsayi tsakanin gurbi biyu shi ne "ratar lantarki". Bolt ɗaya yana nufin jul ɗaya na makamashi ga kowane kulom ɗaya na caji. Batirin tocila mai bolt 1.5 yana ba kowane kulom jul 1.5 tsakanin bakinsa da gindinsa, batirin mota kuwa jul 12. An samo sunan ne daga Alessandro Volta ɗan Italiya, wanda ya bayyana batiri na farko a 1800, kuma taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 ya amince da shi.

Kamar yadda ba a faɗin tsawon tudu sai an san daga inda aka fara awo, haka ba a faɗin bolt na gurbi ɗaya shi kaɗai. Bisa al'ada ana ɗaukar doron ƙasa a matsayin sifiri. Shi ya sa na'urar awon bolt take da wayoyi biyu. Kuma bolt ba ya gudana. Caji ne ke gudana, ratar ce ke tura shi, kamar yadda gangare ke tura ruwa.

4.0 Dangantakar Rata da Fage

Idan rata ita ce tsawon tudu, fage shi ne tsananin gangarensa. Inda fagen yake bai-ɗaya, ana samun girmansa ta raba ratar da nisa. Faranti biyu na ƙarfe da aka haɗa da batiri mai bolt 12, aka bar santimita ɗaya tsakaninsu, suna da fage na bolt 1,200 a kowace mita. Idan aka matso da su zuwa rabin santimita, ratar tana nan a 12, amma fagen ya zama 2,400. Busasshiyar iska takan daina tare caji idan fage ya kai kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita, sai tartsatsi ya tashi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan layukan Nijeriya masu bolt 330,000 da 132,000 suke nesa da ƙasa, da dogayen tangaran tsakaninsu da turakunsu.

5.0 Tsuntsu da Saniya

Ƙafafun tsuntsu biyu suna kan waya ɗaya, kusa da juna, don haka kusan babu rata tsakaninsu, kuma ba abin da zai tura caji ta jikinsa. Mutumin da ya taɓa wayar gida yana tsaye a ƙasa kuwa ya haɗa gurbi biyu masu ratar bolt 230, jikinsa ya zama hanya.

Idan babbar waya ta tsinke ta faɗi, ko aradu ta faɗo, ƙasar wurin kanta takan zama gangare, matsayin lantarki yana raguwa daga tsakiya zuwa waje. A ƙaddara yana raguwa da bolt 1,000 a kowace mita. Makiyayin da ke da rabin mita tsakanin ƙafafunsa zai ɗauki ratar bolt 500. Saniyar da ke da mita ɗaya da rabi tsakanin ƙafafun gaba da na baya za ta ɗauki 1,500, kuma cajin zai ratsa ta ƙirjinta. Wannan ne ya sa shanu kan mutu da yawa a faɗuwar aradu ɗaya. Shi ya sa kuma ake gargaɗin wanda waya ta faɗi kusa da shi ya haɗe ƙafafunsa, ya riƙa jan su a hankali har ya yi nisa, kada ya yi dogon taku.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa amfani da "ratar lantarki" ga abin da ake aunawa da bolt, "gudanar caji" ga abin da ake aunawa da amfiya, sannan "fagen lantarki" ga sararin da caji ke jin ƙarfi a cikinsa. Fa'idar kalmar "rata" ita ce duk mai jin Hausa ya san ba a yin ta sai tsakanin abu biyu, don haka da jin ta ɗalibi zai tambaya, tsakanin ina da ina? Wannan tambaya ita ce tushen darasin, kuma ita ce wadda manazarta keɓaɓɓun kalmomi ya kamata su auna kowace sabuwar kalma da ita kafin ta shiga littafin makaranta.