Kalmomin Nazarin Labari

Manomi ya san sunan kayan aikinsa: hauya, gatari da lauje. Haka ma mai karatu yana da kalmomin da yake aiki da su in zai yi magana a kan labari.

Tatsuniya, wadda a wasu wurare ake ce wa gatana, labari ne na ƙage da aka gada daga kakanni. Da dare ake yin ta, bayan an gama aikin gida. A cikinta dabbobi suna magana kamar mutane.

Ga misali. A wata tatsuniya, hankaki sun ara wa Gizo gashinsu, suka kai shi wani ɓaure a tsakiyar ruwa. Da Gizo ya hau, sai ya hana su ci, duk ɗan da suka nufa ya ce nasa ne. Hankaki suka yi fushi, kowa ya karɓe gashinsa, suka bar shi can.

Tauraro shi ne wanda labari ya fi tsayawa a kansa. A nan Gizo ne. Wuri shi ne inda abin ya faru, wato kan ɓaure. Zubi shi ne yadda al'amura suke bin juna: aro, kwaɗayi, fushi, sa'an nan wahala. In aka sauya jerin, labarin ya ɓaci. Jigo kuwa shi ne babban saƙon labari. Ba kullum ake faɗinsa a fili ba, mai karatu ne yake gano shi. Jigon wannan tatsuniya yana cikin karin maganar nan: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tarihi dabam yake da tatsuniya, don shi abin da ya faru ne da gaske. Yana da shekara, yana da wurin da ake iya zuwa a gani. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta yaƙi sojojin Faransa. Wannan tarihi ne. A 1980 Abdullahi Mamani ya fito da littafi a kanta da Faransanci, ya sa mata maganganu daga tunaninsa. Irin wannan shi ake kira ƙagaggen labari, ko da tushensa gaskiya ne.

Wanda bai rarrabe waɗannan ba, yana iya ɗaukar ƙage a matsayin gaskiya, ko ya mai da tarihin ƙasarsa tatsuniya. Saboda haka ɗalibi yakan fara tambayar kansa: wannan wane irin labari ne?

Tambayoyi
1. Mine ne bambancin tatsuniya da tarihi?
2. Don mi hankaki suka karɓe gashinsu?
3. A nemo wata tatsuniya a gida, a faɗi tauraronta da jigonta.