Gudun kilomita 90 don tara wa mabuƙata kuɗi

A ranar 21 ga Nuwamba 2020 aka yi gasar gudun fanfalaki ta Kaduna, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai. Kilomita 21 ne tsawonta, 'yan Kenya kuma suka kwashe manyan kyaututtukan. Ga masu zagaya Dandalin Murtala da safiyar Asabar, wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne. To, cikakken gudun fanfalaki ninkinsa ne, kilomita 42 da ɗoriya, kuma akwai wanda ya ninka wannan ɗin ma.

Mafi shahara a irinsa shi ne Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. Wato mutum ya tashi daga Kawo da ƙafa, ya isa Zariya, ya wuce. Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya ƙirƙiro shi a 1921 don tunawa da 'yan uwansa sojoji da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum 34 suka tashi a karon farko, 16 suka kai. Baƙar fata da mata kuwa ba a yarda su shiga a hukumance ba sai 1975, sai a 1989 baƙar fata na farko, Sam Tshabalala, ya ci.

Ba nisan ne kaɗai abin tsoro ba, hanyar ce hawa da gangara. Manyan tuddai biyar ne a kanta, kowanne da sunansa. Bana a hau daga bakin teku zuwa tudu, baɗi a gangaro. A shekarar hawa, tudun Polly Shortts na jiran mutum bayan ya ci kusan kilomita 80, ƙafa ta riga ta yi sanyi, mafi yawa sai dai su taka shi a hankali. Gangarar ma ba hutu ba ce, ita ke cinye cinyoyi, yatsu na dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. A bakin hanya ana miƙa wa masu gudu ruwa da dafaffen dankalin turawa da aka barbaɗa wa gishiri. Awa 12 aka ɗiba. Da lokaci ya cika, wani jami'i zai juya wa masu tahowa baya ya harba bindiga, wanda ya rage masa taku biyu ma ba shi da lambar yabo.

Ina taimako ya shigo? Gasar na da ƙungiyoyin agaji da ta amince da su, irin su CHOC mai kula da yara masu cutar daji. Mai gudu zai sanar cewa don ƙungiya kaza zai yi, dangi da abokan aiki su yi alƙawari, wani ya ce zai ba da kaza a kan kowace kilomita. Gudun kansa ba ya ciyar da kowa, amfaninsa jawo hankali. Mun ga ƙarfin hakan a 2015, lokacin da Suleiman Hashimu ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, ƙasa ta ɗauka. A 2022 kuma Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas don tara kuɗin yaƙi da shan inna.

Mutumin Unguwar Rimi ko Malali da aka tura wa saƙon neman gudummawa zai yi tambaya, kuma tambayarsa na kan hanya: me ya hana a ba mabuƙatan kuɗin jirgin zuwa Afirka ta Kudu kai tsaye? Ni a ganina abin na da ma'ana ne kawai idan mai gudun ya biya tikiti da biza da masauki daga aljihunsa, gudummawar kuma ta faɗa asusun ƙungiyar, ba nasa ba, sannan bayan ya dawo ya fito da lissafi. In ba haka ba, yawon buɗe ido ne da kuɗin jama'a. Wasu kuma na ƙyamar a yi sadaka ana shela. Amma a nan ba sadakarsa yake tallatawa ba, ta wasu yake tarawa, kamar mai yawo da takardar ginin masallaci.

Ɗan Kaduna da ya sa wannan a ransa, sai ya fara kammala kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyar kafin a karɓe shi. Gasar kan faɗo wajen watan Yuni, lokacin sanyinsu, ke nan atisayensa zai ratsa ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu, a 'yan shekarun nan har da azumi. Sannan garinmu shimfiɗaɗɗe ne, hawan gadar Kawo ba zai shirya kowa don Polly Shortts ba. Sai ya riƙa fita wajen Kufena a Zariya, ko ya nufi Filato, inda yawancin gwanayen dogon gudu na Najeriya suka fito.