Damagaram: abin da ke hana tsofaffin kaset-kaset na bidiyo shiga kwamfuta

A gidaje da dama na birnin Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, akwai kaset-kaset na bidiyo da ke kwance cikin akwati ko ƙarƙashin gado tun shekarun 1990 da na 2000. A cikinsu akwai bukukuwan aure da na suna, dawowar alhazai, hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wasan kara, kokowa, har da shagalin 18 ga Disambar 2006 da birnin ya karɓi baƙuncinsa. Sau da yawa kaset ɗin ne kaɗai ya rage mai ɗauke da fuska da muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya.

Iyalai da ke son mayar da waɗannan hotuna cikin kwamfuta ko wayar salula sukan ci karo da cikas: an haɗa kyamara amma kwamfuta ba ta gan ta ba, ko hoto ya fito babu launi, ko aikin ya tsaya bayan ƴan mintoci. Nan take sai a yanke hukunci cewa kaset ya mutu. Alhali a mafi yawan lokuta kaset ɗin lafiyarsa lau, matsalar tana wani wuri ne tsakanin kyamara, waya da kwamfuta. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya yakan gano inda take.

Kowane kaset da na'urarsa

Abu na farko shi ne sanin irin kaset ɗin da ke hannu. Babban kaset na VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, manyeto yake buƙata, wato na'urar kunna bidiyo ta gida. Ƙaninsa VHS-C, da ake sakawa cikin kyamarar hannu, yana shiga manyeto idan aka sa shi cikin wani gidan kaset da aka ƙera domin haka. Sai dangin milimita 8 na kamfanin Sony: Video8 a 1985, Hi8 a 1989, da Digital8 a 1999. Sai kuma ƙaramin MiniDV da ya fito a 1995. Waɗannan ba su da wani gida da zai shigar da su manyeto, dole sai kyamara irin tasu.

A nan wasu ke ruɗewa. Kyamarar Digital8 tana amfani da kaset iri ɗaya da na Hi8, amma tana rubuta hoton ne ta hanyar dijital. Idan aka saka irin wannan kaset a tsohuwar kyamarar Hi8, ba za ta nuna hoton ba, sai mutum ya ɗauka babu komai a ciki. Akasin haka, yawancin kyamarorin Digital8, ko da yake ba duka ba, suna iya karanta Video8 da Hi8.

Kafin a saka kowane kaset a na'ura, a fara kulle shi. A jikin MiniDV da na milimita 8 akwai ɗan maɓalli da ake turawa gefe, a VHS kuma ɗan harshe ne da ake ɓallewa. Idan aka yi haka, ko hannu ya taɓa maɓallin ɗauka bisa kuskure, ba a goge bikin da ke ciki ba.

A fara da kyamara ita kaɗai

Kafin a zargi kwamfuta, a kunna kaset ɗin a kalle shi a ɗan allon kyamara ko a talabijin. Idan hoto da murya sun fito daidai, to kaset da kyamara sun fita daga zargi. Idan kuwa hoton MiniDV yana farfashewa gida-gida, ko ana ganin manyan layuka a kwance, ko allon ya koma shuɗi, galibi kan da ke karanta kaset ne ya yi datti. A gari irin Damagaram, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan ba abin mamaki ba ne. Akwai kaset na musamman na goge kai, ana kunna shi wajen daƙiƙa 10 kawai. Yawan maimaita shi yana cinye kan. Goge kai da audugar kunne kuwa kan karya shi, kuma samun madadinsa yau abu ne mai wuya.

Akwai kuma batun saurin ɗauka. Kaset ɗin MiniDV na minti 60 yana kai minti 90 idan aka ɗauka da tsarin LP, kuma masu ɗaukar biki da yawa sun yi haka don tattalin kaset. Sai dai abin da aka ɗauka da LP ya fi karantuwa a kyamarar da ta ɗauke shi. Idan tana nan da rai, ita ya kamata a nemo.

A lokacin damina, idan aka fito da kyamara daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje, raɓa kan taru a cikinta, sai ta nuna alamar ɗigon ruwa ta ƙi aiki. Maganin shi ne a cire kaset, a bar ƙofar a buɗe kamar awa ɗaya. Kaset ɗin da aka ga farin gansakuka a jikinsa, ko wanda ya manne yana ƙara idan yana juyawa, kada a tilasta shi: zai iya tsinkewa, ya kuma ɓata kan na'urar da sauran kaset-kaset ke jira.

Idan kwamfuta ba ta ga kyamara ba

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa ga masu MiniDV da Digital8, kuma asalinta waya ce. A mafi yawan waɗannan kyamarori, kafar USB an yi ta ne don kwashe hotunan da ke katin ajiya, ko don aika bidiyo maras inganci. Cikakken hoton kaset yana fita ne ta wata kafa dabam mai suna FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, wasu kyamarori kuma aka rubuta DV kawai a kanta. Wayoyi masu arha da ake sayarwa, kai ɗaya USB ɗaya kan FireWire, ba sa aiki, domin hanyoyin biyu ba yare ɗaya suke yi ba. Suna ma iya lalata kyamara.

Kwamfutocin yau ba su da kafar FireWire. Mafita biyu ce: a samo tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai wannan kafa, ko a saka katin FireWire cikin kwamfutar tebur. Masu wannan sana'a sun fi yarda da katin da ke ɗauke da guntun lantarki na kamfanin Texas Instruments. Idan an saka katin amma Windows ba ta nuna kyamara ba, sau da yawa ƙaramar manhajar da ke tafiyar da katin ce, wadda ake kira pilote da Faransanci, ba ta dace ba. Microsoft ya fitar da tsohon samfurinta mai ɗauke da sunan Legacy, wanda kan warware matsalar. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, WinDV, ta isa ta kwashe bidiyon. Masu Mac kuma su sani cewa macOS Tahoe, da ya fito a 2025, ya daina aiki da FireWire, don haka sai da tsohon tsari.

Tsarin haɗawa ma yana da muhimmanci. Babban kan wayar FireWire mai haƙora 6 yana ɗauke da wuta, kuma idan aka cusa shi a karkace ko a juye, yana iya ƙona kafar kyamara har abada. A kashe kyamara, a haɗa wayar, sannan a kunna ta. A murɗa maɓallinta zuwa wajen kallo, inda aka rubuta PLAY ko VCR, ba wajen ɗauka ba. A kuma jona ta da wutar gida, domin batirin da ya shekara 20 ba zai kai ƙarshen kaset ba.

Hoto babu launi: gadon Faransa da maƙwabtakar Kano

Su VHS, Video8 da Hi8 ba dijital ba ne, don haka suna buƙatar ƴar na'urar da ke juya hoton kafin ya shiga kwamfuta ta USB. Wayar rawaya ce ke ɗauke da hoto, ja da fara kuma murya. Idan manyeton daga Faransa ya zo, yana da faffaɗar kafar nan ta Péritel, kuma abin da ake jonawa a kanta yakan zo da ɗan maɓalli mai IN da OUT. Idan yana kan IN, allon kwamfuta baƙi zai tsaya ko da komai lafiya yake.

Matsalar launi kuwa tana da alaƙa da tarihi da kuma inda Damagaram take. Nijar, kamar yawancin ƙasashen da Faransa ta raina, ta bi tsarin talabijin na SECAM, kuma da shi Télé Sahel ta yi ta watsa shirye-shiryenta. Najeriya ta bi PAL, Amurka da Japan kuma NTSC. Kasancewar Kano ba ta da nisa, ga ƴan kasuwa da ɗalibai da alhazai da ke shigo da kaya daga ko'ina, a gida ɗaya ana iya samun kaset-kaset na tsari uku. Kaset ɗin VHS na SECAM, idan aka kunna shi a manyeton da PAL kaɗai ya sani, baƙi da fari zai fito. Haka ma idan manyeton ya dace amma an bar manhajar kwamfuta a kan PAL. Sai a shiga saitin manhajar a zaɓi tsarin da ya dace, kuma a tabbatar ƴar na'urar USB ɗin ta san SECAM, domin ba dukansu suka sani ba.

Kaset ɗin milimita 8 da MiniDV babu ruwansu da SECAM: ko dai PAL, mai hotuna 25 a daƙiƙa, ko NTSC, mai kusan 30. Kaset da kyamarar Amurka ta ɗauka ya fi son kyamara irin tata.

Wani abin da ke tayar da hankali ba gaira ba dalili shi ne ƙananan layuka kamar haƙoran mataji da ke bayyana a gefen mutum idan yana motsi. Wannan ba lalacewa ba ce. Tsohuwar talabijin tana nuna kowane hoto ne kashi biyu a saƙe, allon kwamfuta kuma yana nuna su a tare. Manhajar kallo irin VLC tana da saitin da ke gyara wannan.

Idan aikin ya tsaya a tsakiya

Kaset ba ya kwafuwa da sauri kamar fayil: na awa ɗaya, awa ɗaya yake ci. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin wajen giga 13. Idan aikin yana tsayawa kullum a wajen minti 18 ko 19, to kusan tabbas kile ko diskin da ake zubawa an tsara shi ne da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. A koma NTFS ko exFAT, amma a fara kwashe abin da ke ciki, domin sake tsarawa yana goge komai.

Idan hoto yana tsalle, ko murya ta riga baki, yawanci kwamfutar ce ba ta iya bin saurin kaset, sai ta riƙa zubar da wasu hotuna. A rufe sauran manhajoji, a hana kwamfuta yin barci, a zuba bidiyon a diskin cikinta maimakon kile mai nawa. Ɗaukewar wuta ma babbar abokiyar gaba ce: tana lalata fayil, wani lokaci ta bar kaset a naɗe jikin kai. Wanda zai yi aikin da yawa, ya tanadi na'urar riƙe wuta ko batirin sola.

Lokaci ba ya jira

Kaset ba ya son zafi, kuma a watannin Afirilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40. A ajiye shi a tsaye cikin gidansa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano, lasifika da damshin ƙasa. Amma abin da ya fi kaset saurin ƙarewa shi ne na'urorin kunna shi. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera manyeton VHS, ya daina a watan Yulin 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da bidiyo ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa daga wajen 2025 samun na'urori da kayan gyaransu zai yi matuƙar wuya. Duk kyamarar da ke aiki a yau, ko ta tsufa, dukiya ce ga unguwa baki ɗaya.

Bayan an gama kwafi, a ajiye babban fayil ɗin yadda ya fito, a wuri biyu dabam-dabam. Ƙaramin kwafi na MP4 shi ne na turawa dangi ta WhatsApp, domin manhajar tana matse bidiyo tana rage ingancinsa. A rubuta wa kowane fayil shekara, unguwa da sunayen mutanen da ke ciki tun dattawan da za su gane fuskokin suna raye. Kaset ɗin kansa kuma kada a jefar da shi: idan aka samu na'ura mafi kyau, ana iya sake kwasar sa. Wanda zai ba da nasa ga mai shago, ya tambaya da wace waya za a yi aikin, ya nemi babban fayil ɗin tare da ƙaramin, ya kuma karɓi kaset ɗinsa a hannu.