In takardar digiri ta yi jinkiri

Ɗan uwa mai karatu, ka san maganin gargajiya. Ka sha sabara, ka ga aikin mai ɗori da na ungozoma. A da, gado ake yi a gida. Yanzu kuwa har a jami'a ana koyon shi. A Kumasi ta ƙasar Gana, jami'ar Kwame Nkrumah ta buɗe karatun maganin itatuwa a shekarar 2001. Karatun shekara 4 ne.

To, a ce ɗanka ko ƙanenka ya yi irin wannan karatu, a ko wace makaranta. Ya ci jarrabawa, ya dawo gida. Wata shida, shekara guda, takardar digiri, wadda muke ce ma diplom, ba ta fito ba. Ba takarda, ba izinin aiki. Ga kuɗin da aka kashe, ga maganar mutane. Mi ya kamata a yi?

Da farko, a bincika dalili. Diplom sai manya da dama sun sa hannu, kuma sau da yawa na ɗalibai duka ake bugawa tare. Wani lokaci kuma matsalar daga wajen ɗalibi take: sauran kuɗin makaranta, ko littafin ƙarshen karatu da bai miƙa ba, ko sunan da ya saɓa da na takardar haihuwa. Harafi ɗaya ma yana tsai da takarda.

Na biyu, ya nemi takardar shaida ta wucin gadi, wato atestasiyo, tare da takardar makin da ya samu. Wurare da yawa suna karɓar su kafin diplom ya fito. Ya yi fotokopi, ya kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Ta asali kuwa a adana ta cikin akwati, nesa da ruwa da gara.

Na uku, ya rubuta takardar neman diplom, ya sa kwanan wata, ya riƙe kofi ɗaya. Duk zuwan da ya yi, ya rubuta ranar da abin da aka ce mishi. Maganar baki tana tashi, rubutu yana zama. Ka ga amfanin karatunka nan: kai ma kana iya duba mishi takardun.

Akwai tarko guda biyu. Wani zai zo ya ce: "Kawo kuɗi, gobe in fito maka da ita." Kar a yarda. Takardar jabu kurkuku take kai mutum, ta zubar da wahalar shekaru. Tarko na biyu shi ne gaggawar buɗe ɗakin magani babu izinin hukumar lafiya. In wani ya sha maganin ya cutu, wa zai tsaya mishi?

Jira ba zaman banza ba ne. Ya zauna ƙarƙashin wani mai magani da hukuma ta sani. Ya shiga daji da tsofaffi, ya rubuta sunayen itatuwa, da inda suke tsirowa, da yadda ake shanya su. Ilimin da ba a taɓa shi tsatsa yake yi.

Kai kuma, kar ka yi mishi gori. Ka taimaka da kuɗin mota, ka riƙa tambayar inda maganar ta tsaya. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai yana iza wuta.